Lissafin Ƙunzugu a Hunturun Bronx

Akwai wata durowa a ɗakin da muka fara zama a Bronx, aljihunta na ƙasa ba shi da mariƙi, sai an sa yatsa ta gefe an jawo. A nan nake jera ƙunzugun ɗana. Kowane dare bayan isha'i, in ya yi barci, sai in tsuguna in jawo aljihun in ƙirga. Tun da la'asar na san adadinsu, amma sai na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, ko Allah zai sa na yi ɓatan lissafi. Daren wata Talata na samu goma sha ɗaya. Maigida ba zai karɓi kuɗin sati ba sai Juma'a da yamma. Kwana uku ke nan, ga yaro ɗan wata uku wanda ko an matse yana buƙatar takwas a wuni. Na daɗe a tsugune ina raba goma sha ɗaya gida uku, sannan na tashi na buɗe firji na shiga wani lissafin.

Shekara goma sha biyar da ɗoriya ke nan. Yaron yanzu ya fi ni tsawo. Ba zan ambaci sunansa ba, ɗan fari ne, kuma har gobe bakina bai saba ba.

Ni 'yar Tudun Wadan Zariya ce. Maigidana ya ci cacar bizar Amurka, wadda a wancan lokacin 'yan Najeriya ke da damar shiga, muka sauka New York cikin azumin 2008, saura 'yan kwanaki bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Ni ko sunan bankin ban sani ba a lokacin. Abin da na sani, duk ɗan'uwan da maigida ya je wa neman hanya sai ya girgiza kai ya ce masa ya zo a mugun lokaci. Mutumin da ya shekara shida yana koyar da lissafi a sakandare ya ƙare a wurin wankin mota. Awa-awa ake biyansu, kuma sa'ad da na haihu, a watan Nuwamban 2009, mafi ƙarancin albashi dala 7.25 ne a awa. Ranar da gari ya waye da ruwa ko dusar ƙanƙara babu mai kawo mota, sai a ce kowa ya koma gida, ba aiki ba biya. Ɗaki ɗaya muka kama a cikin gidan wasu mutane kusa da titin Grand Concourse, kicin da banɗaki na tarayya, kuma kuɗin ɗakin nan kaɗai yana cinye fiye da rabin abin da yake samu.

Inna ta goyi mu tara ba ta taɓa sayen famfas ba. Tsofaffin zannuwanta ne, atamfar da ta sha wanki har ta yi laushi, take yayyagawa ta dallashe baki. Daga baya aka samu farin nafkin da fil da wandon roba, shi ma na fita unguwa ne. Da safe a jiƙa a bokiti da Omo, a wanke, a shanya a igiyar tsakar gida, kafin azahar ranar Zariya ta busar da su ƙayau har suna ƙamshin rana. Yaro kuwa da ya fara riƙe wuya sai a riƙa ɗora shi a kan ƙafa bayan ya sha nono, ana yi masa ɗan sauti da baki, har ya gane. Kafin ya yi tafiya ya saba da fo. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin dukiya ba sai da na rasa shi. Ashe tsumman nan ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai rijiya a bayansa, akwai igiya, akwai rana, akwai yayye da matan gida da za su karɓi yaro ki samu hannu. Na tafi Amurka da iya wankin, amma tsakar gidan ba ta biyo ni ba.

Haihuwar fari a garinmu a gida ake yi. Da Inna ce za ta dafa mini ruwan jego safe da yamma har a yi arba'in, ta dama kunun kanwa, a kawo ƙauri da gasasshen nama da yaji, aikina in ci in ba da nono. Ni kuwa kwana biyu na yi a asibiti aka sallame ni da 'yar jaka mai ƙunzugu kaɗan a ciki. Aka raɗa suna a masallaci, jama'a suka yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Riguna da barguna sun fi yawa, ƙunzugun da aka kawo kuma duk na sabon haihuwa ne, wanda yaro ke wucewa cikin wata guda. Kafin in yi arba'in na ga ƙasan kwalin ƙarshe.

Ba zan yi butulci ba, gwamnatin ƙasar ta taimake mu da abinci ta hanya biyu. Akwai shirin WIC, na masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Takardu ake ba mu a lokacin, kowace an rubuta abin da za ta saya: madara, ƙwai, cuku, wake, kifin gwangwani, markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan da suke shafa wa burodi, wadda ni miya nake yi da ita. Sai kuma SNAP, katin abinci, wanda tsofaffin unguwa ke ci gaba da kira da tsohon sunansa ko da yake an canza shi tun Oktoban 2008. Dokar 1996 ta ce babban mutum mai katin zama sai ya cika shekara biyar a ƙasar kafin ya cancanta, don haka ni da maigida ba ma ciki. Jaririn ne kaɗai, tunda a can aka haife shi. Mafi yawan abin da ake ba mutum ɗaya a lokacin dala 200 ne a wata, namu bai kai haka ba, kuma da rabon jaririn nan mu biyu muke cin tuwo.

Ranar da na fara zuwa kanti da katin, na ɗora shinkafa da garin masara da mai da albasa, na ɗora ledar famfas da sabulu. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ware ledar da sabulun gefe, ta ce mini a hankali, don kada na baya su ji, wannan sai da tsabar kuɗi. Na ɗauka ban gane Turancinta ba ne. Ta sake faɗa. Katin abinci abinci kaɗai yake saye, ba ya sayen sabulu, ba ya sayen ƙunzugu, takardun WIC ma haka. Na laluba jaka na biya sabulun na bar ledar a wurin.

Daga ranar na fahimci yadda watanmu zai riƙa tafiya. Katin yana ƙarewa a sati na uku. Daga nan abinci sai da kuɗin hannu, ƙunzugu kuma tun farkon wata da kuɗin hannu, kuma hannun ɗaya ne. Ƙunzugun yaro ɗaya yana cin dala saba'in zuwa tamanin a wata. Maigida, da yake malamin lissafi ne, ya taɓa cewa awa goma ke nan yana tsaye cikin ruwan sanyi yana goge motar wani. A kan wannan ma talaka ya fi mai kuɗi biya. Babban kwali a manyan kantuna ya fi araha nesa ba kusa ba in aka raba da ɗaiɗai, amma sai kana da kuɗin a dunƙule, da motar da za ta kai ka. Mu kuwa ƙaramar leda muke saye a shagon kwana, in abin ya yi tsanani mai shagon ya fasa leda ya sayar mini guda biyu ko uku, kamar yadda ake sayar da sukari ƙulli-ƙulli a gida. Kowane ɗaya a haka ya kusa ninka kuɗinsa.

Na gwada hanyar Inna. Na ciro atamfa biyu daga kayan lefena, waɗanda ko ɗinka su ban yi ba, na yayyaga. Sabuwar atamfa ba ta shan ruwa, wannan ne kuskuren farko. Wanki kuma sai a bahon banɗakin da mutum bakwai ke shiga, matar gidan ta yi haƙuri kwana biyu, a na uku ta ce ba za ta iya ba, kuma ban ga laifinta ba. Shagon injinan wanki na unguwar an manna takarda a bango an hana kawo tsumman kashin yara, ko da an bari ma kowane wanki da kowace busarwa sai an zuba sulalla. Babu igiya, babu rana, tagar ɗakinmu bangon wani gini take kallo. Sai in shanya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ɗakin ya cika da tururi da zarni, tsumman ya bushe ta waje cikinsa da danshi. Sati biyu na yi na haƙura.

Abin da na koma yi shi ne wanda ban taɓa gaya wa ko ƙanwata ba. Da rana sai in shimfiɗa leda in ɗora tawul in kwantar da shi ba komai, in dai ɗakin da ɗumi. In ya yi fitsari sau ɗaya a ƙunzugu ba na cirewa, sai ya yi na biyu da na uku, har ya kumbura ya yi nauyi. Wanda bai jiƙe sosai ba in ɗora shi a kan ƙarfen nan ya sha iska in mayar. Akwai ranakun da na kankare kashi da takarda na mayar masa da ƙunzugun a jikinsa. Ina yi yana kallona yana wasa da ƙafa, don bai san komai ba, ni kuwa ina ba shi haƙuri da baki kamar babban mutum.

Ɗayan ɓangaren lissafin kuma a cikina yake. In na rage cin nama, na samu ƙunzugu biyar. In na tsallake abincin rana, shinkafar za ta kai Juma'a, dala ukun da ke jaka ta tafi shagon kwana. Na sha azumi da yawa a 2009 saboda ciki, sai na ce wa maigida ramuwa nake yi. Ya ce, "Ke da kike shayarwa? Ki bari mana sai kin yaye." Na ce gara in rage bashi tun da kwanakin hunturu gajeru ne. Gaskiya ne ana bina azumin, gaskiya ne kwanakin gajeru ne, amma Allah ya san abin da ya tashe ni sahur da ruwan shayi da yankan burodi ɗaya. Har yau ina neman gafara a kan niyyar waɗannan kwanaki. Nono ya fara yi mini ƙaranci da yamma, yaro ya kama ya saki ya yi kuka, in miƙe jiri ya ɗebe ni sai na dafa bango.

Sai bayan shekaru na gano shi ma maigida abin da yake yi ke nan. Kuɗin jirgin ƙasa dala 2.25 ne a lokacin, sai ya riƙa tafiya wurin aiki a ƙasa cikin sanyin nan, ya ce mini motsa jiki yake so. Abincin ranar da yake cewa abokan aiki sun ba shi, shayi ne. Muna ɗaki ɗaya, gado ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa yunwarsa don kada ya karya masa zuciya.

Ranar Lahadi mukan sayi katin waya mu kira gida. Inna ta ce, "Ya mai jego? Yaro yana samun nono dai ko?" In ce, "Lafiya lau, Inna, har ya yi ƙiba." Sai a miƙa wa wannan, a miƙa wa wancan, a ƙarshe a zo kan kuɗin makarantar ƙanin maigida, da rufin ɗakin mahaifiyarsa da iska ta yaye. Ba na zarginsu ko kaɗan. Mu ne muka aika musu hotuna muna tsaye cikin dusar ƙanƙara da manyan riguna muna murmushi. Wanda ke Zariya ya ji dala, ya buga ta da naira, me zai sa ya yi tunanin akwai yunwa a inda ake samunta? Kuma ko na so faɗa, da wane baki zan ce wa matar da ta goyi tara da tsumma wai ni na kasa tsare gindin ɗa ɗaya? Aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na riƙe maganar nan da ƙarfi a shekarar, har ta kusa yi mini illa.

A ƙarshen Fabrairun 2010 dusar ƙanƙara ta rufe New York, aka rufe makarantu, wurin wankin mota ya yi kwanaki ba a buɗe ba. A satin ne gindin yaron ya yi ja wur, ƙuraje suka feso, fatar matsematsinsa ta saɓule. In fitsari ya taɓa wurin sai ya ƙanƙame jiki ya yi wani irin kuka wanda ba na yunwa ba ne, ba na barci ba ne. Na goya shi na rufa da bargo na kai shi asibitin unguwa. Likitar mai kirki ce. Ta duba ta tambaye ni sau nawa nake canza masa a wuni, na ce takwas. Ta rubuta man shafawa, ta ce in ƙara yawan canzawa, kada in bar shi da jiƙa ko na ɗan lokaci, don zaman fitsari da kashi a jiki ne ke cin fata, yana kuma iya kawo ciwon mafitsara. Na ce to. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko abinci yana isarmu a gida, ta ba ni takarda mai adireshin wuraren rabo. Ba wanda ya tambayi ko ina da ƙunzugun da zan canza, ni ma ban faɗa ba.

Na daɗe ina tunanin dalilin shirun nan nawa, don a kan abinci ban yi shiru haka ba. Na bi layin rabon abinci a wani coci ranar Asabar, da kunya dai, amma na bi, in karɓa in duba gwangwanaye in mayar da masu naman alade. A layin akwai 'yan Dominika, akwai baƙaƙen Amurka, akwai namu. Yunwa abu ce da kowa ya san sunanta, tana da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata. A addininmu ciyarwa ibada ce, akwai zakkar fidda kai, akwai buɗa-baki a masallaci, akwai naman layya. A Bronx ɗin ma kasuwar Hunts Point take, inda kayan abincin birnin ke sauka, kuma rumbun Food Bank For New York City yana can. Wanda ya ce yana jin yunwa za a tausaya masa. Amma macen da ɗanta ke zarni, ba a cewa talauci ne ya kama ta, cewa ake yi ƙazama ce, ba ta iya reno ba. Na san haka domin ni ma na taɓa faɗin hakan a kan wasu matan a Zariya, tun ina budurwa. Tsoron wannan kalmar ne ya rufe mini baki, har da tsoron da kowace baƙuwa ke kwana da shi a ƙasar, kada a ce ba ta kula da ɗa a raba ta da shi.

A hawa na uku na gininmu akwai wata Hajiya, mutuniyar Zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin a Bronx. Shinkafa da wake take dafawa irin ta Gana, wadda suke kira waakye, direbobin tasi suna zuwa saye a robobi. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da bambanta namiji da mace, ni ma "kai" take ce mini wani lokaci, kowa kuma Mma yake kiranta. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ranar da na dawo daga asibitin muka haɗu a matakala, ta ce in sauko mata da mijinta ta gani. Ta karɓe shi ta ɗan jijjiga, ta yi masa wasa, ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini shi ba ta ce komai ba.

Bayan magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jikarta ce da kula biyu, ɗaya shinkafa da wake da kifi da ƙwai, ɗaya koko mai zafi, da ɗan kwanon man kaɗanya, da babbar ledar famfas. Ta ce, "Mma ta ce ragowar na ƙanina ne, ya girme su, wai kada su lalace." Ledar ko fasa ta ba a yi ba, takardar kuɗin kanti tana manne a jiki. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Na fara canza masa tukuna, na wanke shi da ruwan ɗumi na shafa man kaɗanya na sa masa sabo fil, ya yi ajiyar zuciya ya yi barci. Sannan na ci abincin nan da hannu ina kuka. Na ajiye wa maigida rabinsa, shi ma da ya dawo ya ci bai tambayi daga ina ba.

Washegari na hau yi mata godiya, ta katse ni. Ta ce, "Ɗiyata, ranar Lahadi muna da adashi, ki zo ko ba ki da abin zubi." Mata ne wajen goma sha biyar, na Kumasi da Akara, na Maraɗi da Damagaram, da wasu 'yan Togo. Ban da kuɗin adashin, Mma ta kafa wata al'ada: duk wadda ta ɗauki kwasa za ta sayo babban kwalin ƙunzugu ɗaya, a sa a kabad ɗin da ke lungun hanyar banɗaki. Mai mota a cikinsu ce ke zuwa babban kanti ta sayo da araha. Kabad ɗin ba a ganinsa daga falo. Mace ta tashi kamar za ta kama ruwa, ta shiga da jakarta ta fito, ba wanda ya san ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Ban taɓa ganin hikimar rufin asiri irin wannan ba. Na yi wata biyar ina shiga lungun nan kafin in iya zuba ko sisi.

Mma ce kuma ta karya wani ƙullin. Na samu wurin kitso a Harlem, amma gidan renon yara ba sa karɓar yaro sai an kawo shi da ƙunzugun wuni, na yarwa, ba tsumma ba. Ba ƙunzugu ba reno, ba reno ba aiki, ba aiki ba kuɗin ƙunzugu. Mma ta ce in riƙa kawo mata shi tana girki yana goye a bayan jikarta. Ita ta koya masa fo tun bai cika shekara ɗaya da rabi ba, da irin sautin bakin da Inna ke yi.

Sai da na daɗe da fita daga wannan hali, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, sannan na ji cewa abin da ya same ni yana da suna a ƙasar, har ana bincike a kansa. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a New Haven da ke jihar Connecticut, Joanne Goldblum, tana ziyartar gidajen talakawa ta ga uwa ta cire wa ɗanta ƙunzugu ta zubar da kashin ta mayar masa. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye wayar, don na ɗauka ni kaɗai ce a duniya na taɓa yin haka. Matar ta kafa rumbun ƙunzugu a garin a 2004, a 2011 kuma aka kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, National Diaper Bank Network. A 2013 ita da Megan Smith ta jami'ar Yale da abokan aikinsu suka buga bincike a mujallar likitocin yara ta Pediatrics: cikin mata 877 da aka tambaya, kusan kashi 30 cikin 100 sun ce ƙunzugu ba ya isarsu, kuma an ga alaƙa tsakanin rashin da damuwar ƙwaƙwalwar iyaye mata. Wannan ban buƙaci jami'a ta gaya mini ba. Binciken da ƙungiyar ta yi a 2023 ya ce abin ya kai kashi 47 cikin 100 na iyalai masu ƙananan yara, kuma fiye da ɗaya cikin huɗu na waɗanda abin ya shafa sun ce suna tsallake cin abinci don su sayi ƙunzugu. Ina karanta adadin nan ina ganin mata a tsugune gaban durowa.

A ganina kuskuren yana wurin da doka ta ja layi ta ce wannan abinci ne, wannan ba abinci ba ne. A takarda layin yana da ma'ana. A jakar uwa babu shi, don duk dalar da ta tafi ƙunzugu daga bakin wani aka cire ta, kuma kusan kullum bakin uwar ne. An fara gyarawa kaɗan-kaɗan. Jihar Tennessee ta fara ba yara 'yan ƙasa da shekara biyu da ke cikin inshorar lafiyar marasa ƙarfi ƙunzugu 100 a wata daga Agustan 2024. Ɗari ba ya kai wata, amma da na samu ɗari a 2010 da fatar ɗana ba ta saɓule ba.

Na je gida a 2024, shekara guda bayan cire tallafin man fetur, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. 'Yar ƙanwata tana goyon ɗan wata biyar a gidan haya a Sabon Gari. Su 'yan zamanin famfas ne, ba su tashi da nafkin ba, yanzu kuma ɗaiɗai take aikawa a sayo a shago, na dare da na zuwa asibiti. Da rana tsumma, amma ruwan wankin sai an saya a wurin 'yan garuwa, sabulu ma ya zama abin lissafi. Na tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce, "Na ci, Umma, yanzun nan na sauke kwano." Na san muryar. Ban ja maganar ba, na aiki yaro kasuwa, na ce mata tsaraba ce na manta ban taho da ita ba.

Mma ta koma Kumasi tun kafin korona, ƙafa ta matsa mata, ta ce sanyin Bronx ya ishe ta. Muna gaisawa ta WhatsApp duk Juma'a. Bayan na dawo daga Zariya na ba ta labarin yarinyar, sannan na yi mata tambayar da na shekara goma sha huɗu ina riƙe da ita. Na ce, "Mma, ranar nan a matakala, yaya aka yi kika gane? Ban gaya wa kowa ba."

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Da na karɓe shi na ji gindinsa ya yi nauyi kamar an jiƙa bulo. Na ɗaga kai na ga ƙashin wuyanki a waje, mai jego wata uku." Ta ɗan yi tari. Ta ce, "Ni ma a 1988 na yi, a ginin nan, a hawa na biyar. Ba wanda ya karɓi nawa ya ji nauyinsa."